Mece ce "veduta"?

Duk mai leƙa shafukan dillalan tsofaffin zane-zane na Turai zai ci karo da kalmar veduta. Italiyanci ce, ma'anarta abin da ido ya hango. A bakin masu wannan harka, veduta zanen birni ne da aka bi dalla-dalla, gida bayan gida, har ɗan gari ya iya ɗora yatsa ya ce ga unguwarmu. Idan mai zane ya cusa gine-ginen da babu su, sunan ya canza, capriccio ake ce masa.

Kafin zuwan kyamara, a jikin katako ko farantin tagulla ake sassaƙa hoton, a juye kamar hatimi, a shafa tawada, a danna takarda. Da haka zane ɗaya ke yaɗuwa gari-gari.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Zurik, birnin ƙasar Suwizalan da ke daidai inda kogin Limmat ke fita daga tafki. Jos Murer, mai zane a jikin gilashi, shi ya yi shi, aka buga a 1576, kamar tsuntsu ne ya hango garin daga yamma. Dubi tsakiyar kogin: ga hasumiyar Wellenberg tsaye cikin ruwa, kurkuku ce, sai da kwalekwale ake kai mutum. Kusa da ita ga Grendeltor, ƙofar gari da aka gina a kan ruwa, ta nan jiragen da suka taso daga tafki suke shigowa. An rushe ƙofar a 1836, hasumiyar kuma a 1837. Hasumiyoyin cocin Grossmünster ma masu tsini ne a zanen, domin bayan gobarar 1763 ne aka sake musu kamanni.

Sai dai a yi hattara. Masu irin wannan zane kan faɗaɗa lungu ko su ƙara wa gini tsawo don ya fito sosai, shi ya sa masana tarihi ke gwada shi da takardun gari da abin da aka tono a ƙasa.

A bayan ganuwa, ƙasa-ƙasa a zanen Murer, akwai gwalalo cike da ruwa mai suna Fröschengraben, wato ramin kwaɗi. An cike shi a 1864 aka shimfiɗa titi a kansa. Shi ne Bahnhofstrasse na yau, titin bankuna da kantunan agogo masu tsada.