Wai mene ne "bilicin ɗin murjani" da ake ta faɗa mana a rediyo?

Tun da hukumar NOAA ta Amurka mai kula da teku da yanayi ta sanar a watan Afrilun 2024 cewa duniya ta shiga zagaye na huɗu na bilicin ɗin murjani, kalmar nan ta faɗo bakin masu shirin Hausa a gidajen rediyonmu na Ankara, babban birnin Gana, duk wanda zai taɓa maganar sauyin yanayi sai ya jefa ta, kuma wallahi yawancinsu ba su san abin da suke faɗa ba. Na ji wani yana rantsuwa wai mayukan da matan Zango ke shafawa ne ruwan wanka ke kwasowa daga kwatocin Nima da Mamobi, ya bi kogin Odaw ya faɗa teku ta tafkin Korle, shi ne murjani ke yin fari. Mutane kuma suna ta bugo waya suna tsine wa mata. Haba malam! Don dai kalmar ta zo ɗaya da ta fata shi kenan sai a ɗora wa 'yan uwanmu mata laifin da ba nasu ba?

Murjanin da muka sani shi ne jan dutsen wuya na kakanninmu, wanda Hajiya ke ɓoyewa a ƙasan adaka sai ranar biki ko suna. Sunan daga Larabci muka aro shi, marjan, kuma duk wanda ya yi makarantar allo ya biya shi a Suratur Rahman inda aka ambace shi tare da lu'ulu'u cikin abin da ke fitowa daga teku. Asalin wannan jan daga Bahar Rum ake ciro shi, fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi, shi ya sa yake da tsada, shi ya sa kuma galibin wanda za a miƙo miki yau a kasuwa gilashi ne ko roba. To wannan jan ma ba ya cikin masu bilicin sam. Dangi ne dai, amma rayuwarsu daban.

Wanda ake magana a kai shi ne mai gina tsaunuka a ruwa mai ɗumi marar zurfi, irin na Ostireliya da ya kai tsawon kilomita 2,300, da na gaɓar Kenya da Zanzibar. Kuma dabba ce, ba dutse ba, ba tsiro ba. 'Yan mitsi-mitsin halittu ne jingim, kowace ta gina wa kanta ɗaki na alli ta zauna, na baya su yi gini kan na gaba har shekaru dubbai. A cikin naman jikinsu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, ita ke haɗa abinci da hasken rana ta ba murjanin, wani lokaci har kashi 90 cikin 100 na abin da yake ci, kuma launin nan mai kyau da kuke gani a bidiyo yawanci nata ne. Kamar mai gidan haya ne a Sabon Zango da 'yan hayarsa ke biyansa da girki maimakon sidi. Idan ruwa ya ɗara zafin da aka saba da shi a lokacin zafi da digiri 1 kacal, kuma ya daɗe haka makonni, sai girkin 'yan hayan ya koma yana cutar da mai gida, sai ya kore su duka, ya zauna shi kaɗai ba mai dafa masa. Naman jikinsa garai-garai yake, da gansakukar ta fita sai farin allin da ke ƙasa ya bayyana. Wannan farin shi ne bilicin ɗin. Yunwa ce da zafi ya jawo.

Eh an gano wasu sinadaran man kare rana na cutar da murjani, har tsibiran Palau da Hawai suka hana sayar da su, amma wannan a bakin ruwan da 'yan yawon buɗe ido ke cika ne, ba shi ya farar da tekuna uku a lokaci guda a 1998 da 2010 da 2014 zuwa 2017 ba.

Abu na biyu da ke ci mini rai, da an nuna hoton fari sai a ce ya mutu. Bai mutu ba tukuna! Idan ruwan ya huce da wuri gansakukar na dawowa ya farfaɗo, sai dai zai yi rauni, haihuwarsa ta ragu, kuma kafin wurin da ya lalace ya koma yadda yake sai an yi shekara 10 ko fiye. Matsalar ita ce yanzu ba a ba shi wannan hutun. Na Ostireliya ya yi fari a 2016, ya sake a 2017, sannan 2020, 2022, 2024, kuma a 2016 kaɗai kusan kashi 30 cikin 100 na murjanin ruwa marar zurfi a can ya mutu da gaske. Ina lokacin warkewa a nan?

Shi ya sa ni idan na ji ana ta yabon masu renon murjani a gandu suna dasawa, ina jin daɗi amma raina ba ya kwanciya. Aiki ne mai kyau, haka hana zuba ƙazanta a teku, haka hana kwashe kifin nan mai baki irin na aku da ke kiwon ciyawar ruwa kada ta shaƙe murjanin, duk suna ƙara masa ƙarfin jurewa. Amma babu ɗaya a ciki da ke sanyaya teku. Rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya faɗa ƙarara, idan ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5 za a rasa kashi 70 zuwa 90 na waɗannan tsaunuka, idan ta kai 2 kuwa sama da kashi 99. Wurin da bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba amma kusan rubu'in halittun teku na rayuwa a jikinsa. Ƙasashen da suka fi kowa ƙona gawayi da fetur su ne kuma suka fi kowa son ɗaukar hoto wajen dashe, gaskiya wannan na ba ni haushi.

Mu nan Gana ba mu da irin wannan tsaunin a bakin gaɓa da masuntan Chorkor ko Jamestown za su leƙa su gani, ruwanmu da duhu kuma duk shekara ruwan sanyi na tasowa daga ƙasa. Namu yana can zurfin kusan mita 400, jirgin bincike na Nowe mai suna Dr. Fridtjof Nansen ne ya gano shi a 2012, kuma irin na ruwan sanyi ne da ba ya ajiye gansakuka a jikinsa, don haka ba ya bilicin. Abin da ya fi barazana ga irinsa shi ne ragar manyan jiragen kamun kifi masu jan ƙasan teku da aikin haƙar mai, kuma kan wannan ne ya kamata masu makirfon ɗinmu su riƙa titsiye ministoci.