Idan Haihuwa Ta Yi Jinkiri: Me Masu Bincike Suka Gano a Kan Namiji?

A Gusau da ƙauyukan kewayenta, da zarar aure ya shekara biyu ba ɓatan wata, idon kowa kan matar yake. Ita ce shan jiƙe-jiƙe, ita ce haɗiye habaicin dangin miji. Ga tambayoyin da maza kan yi, murya ƙasa-ƙasa.

Da gaske matsalar kan fito daga namiji?

Ƙwarai kuwa. Kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya, akwai rabon mijin a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matar. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum ɗaya cikin shida na fuskantar rashin haihuwa a rayuwarsa. Na san baiwar Allah da ta shekara tara ana kiranta juya, aka yi mata kishiya har biyu, gidan shiru. Bayan rabuwa ta yi wani aure, shekara na zagayowa muka je suna. Har yau abin yana ci mini rai, don ba wanda ya taɓa ce wa mijin ya je asibiti.

Amma ni lafiyata ƙalau wajen iyali?

Ƙarfin namiji daban, ƙwayar haihuwa daban. A 1677 wani ɗan kasuwar tufafi a Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya duba maniyyi da gilashin ƙara girman abu da ya wasa da hannunsa, ya ga 'yan halittu masu jela suna iyo. Su ne ƙwayoyin haihuwar. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 yana neman aƙalla miliyan 16 a kowane mililita, kuma kashi 42 cikin ɗari su kasance masu motsi. Mutum na iya zama ingarma, ruwan ya fito da kauri, amma babu ƙwaya ko ɗaya a ciki. Ido ba ya gane wannan.

Me ke lalata su?

Zafi na farko. Maraina na son sanyin da ya gaza na jiki kaɗan, shi ya sa Allah ya rataye su a waje. Ƙwaya kan ɗauki kwana 74 kafin ta nuna, don haka zazzaɓi mai zafi na yau zai iya bayyana a gwajin wata biyu masu zuwa. Sai ciwon sanyin da aka yi wa maganin kemis rabi-rabi ya toshe hanya, da hangum idan ya kama balagagge ya sauka maraina, da tsargiya, da kumburin jijiyoyin maraina.

Mu Zamfarawa muna da ƙari. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, inda ake daka dutsen zinariya a tsakar gida, ƙura ta bi tukunya da tabarma. Hankali ya tafi kan yara, kuma daidai ne. Amma an daɗe da tabbatar da cewa dalma na rage yawan ƙwayoyin maniyyi da kuzarinsu. Matashin da ke niƙan dutse a Bagega ba takunkumi ya kamata ya san da wannan. Allurar testosterone da wasu ke yi don ƙarin ƙarfi kuwa, dakatar da ƙirar ƙwayar take yi.

Yaya gwajin yake?

Ba allura, ba tiyata. A ƙaurace wa iyali kwana biyu zuwa bakwai, a tara ruwan a 'yar kwalbar da ɗakin gwaji ya bayar, a saka ta cikin aljihu kusa da jiki, a kai kafin awa ɗaya. In sakamako bai yi kyau ba, a maimaita bayan wata uku kafin a yanke hukunci.

In ƙwayoyin sun yi ƙaranci ainun, shi ke nan?

A'a. A 1992, a birnin Brussels na Beljiyam, likita ɗan Italiya Gianpiero Palermo da abokan aikinsa suka ɗauki ƙwaya guda da siririyar allurar gilashi suka cusa ta cikin ƙwan mace, aka samu ciki, aka haihu. Yau ana yin aikin a Abuja da Legas, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. Galibi ba a kai ga nan ba: a magance ciwon sanyi tare da matar, a bar sigari, ko a ɗaure kumburarriyar jijiya da ƙaramar tiyata.