Mene ne awon albarushi a bindigar toka?

Mai bindigar zamani ba ruwansa da lissafi, domin tun a masana'anta aka auna hodar da ke cikin kowane harsashi aka rufe. Bindigar toka kuwa, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, mai ita ne ke yanke yawan abin da zai zuba a kowane harbi. Wannan adadi da ake zubawa don harbi guda shi ake kira awon albarushi, kuma a kansa lafiyar hannu da idon mai harbi ta rataya.

A Amurka, inda jihohi da yawa ke ware wa masu irin wannan bindiga lokacinsu na farautar barewa, da giren ake lissafi. Giren tsohon ma'aunin nauyi ne na Ingila da ya samo asali daga ƙwayar sha'ir, kuma giram ɗaya ya ɗara giren 15 kaɗan. Sai dai a daji babu mai yawo da sikeli. Abin da maharbi ke ratayawa ɗan bututu ne na tagulla, mai maɗauri da ake ja sama ko ƙasa, an rubuta 50, 60, 70 a jikinsa. Ya cika shi, ya share bakinsa, ya juye a bindiga. Ke nan lambar da ke jiki cikar ma'auni take nunawa, kamar yadda mudun gero da mudun gyaɗa suke cika ɗaya amma nauyi ya bambanta.

Wannan bambanci ya ƙara muhimmanci tun da hodar Pyrodex ta shigo kasuwa a tsakiyar shekarun 1970 a madadin baƙin albarushi. Ta fi shi rashin nauyi, amma an yi ta yadda cikar ma'auni ɗaya zai ba da ƙarfi kusan daidai da nasa. Wanda ya ɗora ta a sikeli ya auna nauyin da ya saba, ya zuba fiye da kima bai sani ba. Girman ƙwayar albarushin ma yana da tasiri. Ana rubuta Fg a kan mai tsaba-tsaba, FFFFg a kan mai laushi ƙwarai, kuma mai laushi ya fi saurin ci da wuta, saboda haka awo ɗaya daga gwangwani biyu na iya matsa wa bututun bindiga daban.

Akwai dalilin da ya sa ma'aunin yake zaman kansa, ba a tuttulawa kai tsaye daga ƙaho ko gora. Bayan harbi, wani lokaci ɗan garwashi ko guntun tsumma mai ci yakan saura a gindin bututu. Idan sabon albarushi ya faɗa kansa, wuta za ta biyo sama. In ma'auni ne a hannu, awo ɗaya ne zai tashi. In kuwa gorar ce gaba ɗaya a bakin bindiga, duk abin da ke ciki zai fashe a tafin hannu. Sojojin Turai na ƙarni na 17 ma sukan rataya ƙananan kwalaben itace a ƙirji, kowace da awon harbi guda.

A nan gida, mafarauta da 'yan bindigar da ke gaban sarki a hawan sallah a Kano, Katsina ko Zazzau sun fi dogaro da ido da sabo: a zuba a tafi, ko a zura sandar ɗuri a duba yatsu nawa ta ɗago. Gwanaye na yin haka shekara da shekaru lafiya lau, amma ni ban yarda da shi ga sabon shiga ba. Yatsun mutane ba ɗaya ba ne, faɗin bututu ma haka, kuma a filin hawa kowa na son ƙarar tasa ta fi ta maƙwabcinsa, sai a yi ta ƙari. Ga shi bindigogi da yawa maƙera ne suka ƙera su da bututun da ba a taɓa gwada iya ƙarfinsa ba.

Awo daidai ma ba ya wadatarwa idan dalmar da za a harba ba ta zauna daram a kan albarushi ba, domin sarari tsakaninsu kan kumbura bututu ko ya tsaga shi. Don haka masu lura sukan yi wa sandar ɗuri zane a daidai bakin bindiga bayan ɗuri mai kyau. Ranar da zanen ya tsaya sama da baki, ko dalma ba ta kai ƙasa ba, ko an yi ɗuri biyu. Hodar da ake farkewa daga harsashin zamani kuwa ba ta da wani awo da ya dace da bindigar toka, ko kaɗan ce tana iya tarwatsa bututun.