Tallafin gina filin wasa: yadda attajiran Amurka ke sa gwamnati ta biya

Tallafin gina filin wasa shi ne kuɗin jama'a da gwamnatin birni ko jiha ke zubawa wajen gina filin da ƙungiya mai zaman kanta za ta riƙa wasa a ciki. A Amurka da Kanada aka fi yinsa, kuma ba kasafai yake zuwa da tsabar kuɗi ba. Gwamnati kan ciyo bashi ta hanyar sayar da takardun lamuni, sannan ta ƙara haraji a kan cinikin kaya ko ɗakunan otal don biya. Wani lokaci fili kyauta ne, ko yafe haraji na shekaru. Idan an gama, sau da yawa ginin na gwamnati ne a takarda, amma kuɗin tikiti da na talla da na sayar da sunan filin ga kamfani yawanci aljihun mai ƙungiya suke shiga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To me ya sa gwamna ko magajin gari zai yarda? Saboda barazanar ƙaura. A gasannin Amurka babu faɗawa rukunin 'yan dagaji, babu haurowa daga ƙasa. Gasar ƙwallon kwando ta NBA ƙungiyoyi 30 gare ta, ta zari-ruga irin ta Amurka, wato NFL, 32, kuma masu ƙungiyoyin ne ke da ikon ƙara wata. Biranen da ke marmarin ƙungiya sun fi ƙungiyoyin yawa, don haka mai ƙungiya yakan zauna teburin ciniki da wani birni a ajiye. Mai kallon Firimiya zai ji abin banbaraƙwai, domin Arsenal da bashinta ta gina Emirates da aka buɗe a 2006, kuma ba wanda ya taɓa tunanin za ta bar Landan.

Labarin Seattle ya fi kowanne fayyace lamarin. A 2006 attajirin Oklahoma Clay Bennett da abokansa suka sayi ƙungiyar ƙwallon kwando ta birnin, SuperSonics. Suka nemi kuɗin jama'a don sabon zauren wasa, majalisar jihar Washington, inda Seattle take, ba ta bayar ba. A 2008 suka kwashe ƙungiyar zuwa Oklahoma City, aka sauya mata suna zuwa Thunder. Bayan shekara 15 sai juyi ya zo kan sabon masaukin. A Disambar 2023 mutanen Oklahoma City suka amince a ƙuri'a da harajin senti ɗaya a kan kowace dala ta ciniki na tsawon shekara 6, don zauren da zai ci aƙalla dala miliyan 900. Gudummawar masu ƙungiyar dala miliyan 50 ce kacal, da alkawarin zama na shekara 25. Ba sai an furta barazana ba. Kowa a garin ya san yadda ƙungiyar ta zo hannunsu.

Hujjar da ake kafawa kullum ita ce ayyukan yi da bunƙasar kasuwa. Masana tattalin arziki, waɗanda da wuya bakinsu ya zo ɗaya, galibinsu sun ce ribar ba ta kai kuɗin da aka kashe. Dalilin mai sauƙi ne: iyalin da suka sayi tikiti da ma za su kashe kuɗin a gidan abinci ko sinima a garin, kuma ayyukan ranar wasa na ɗan lokaci ne. A ganina hujjar gaskiya ita ce mutane na son ƙungiyarsu, kuma ɗan siyasa ba ya son a ce a zamaninsa ta tafi.

Ba ko'ina ake miƙa wuya ba. Mazauna Tempe a Arizona sun ƙi shirin zauren ƙungiyar wasan hoki na ƙanƙara ta Coyotes a 2023, shekara na zagayowa aka mayar da 'yan wasanta Utah. St. Louis kuwa ta gina wa ƙungiyar Rams ta gasar NFL fili da kuɗin jama'a, ƙungiyar ta koma Los Angeles a 2016 ana kan biyan bashin ginin. Sai da aka je kotu kafin aka sasanta a kan za a biya St. Louis dala miliyan 790 a 2021.