Waiwaye: Zaibar da ke kwance a lakar Minamata

A shekarar 1932 kamfanin Chisso da ke garin Minamata, a tsibirin Kyushu na ƙasar Japan, ya fara sarrafa sinadarin asetaldehaid, kuma da zaiba ake haɗa shi. Ruwan dattin masana'antar kuwa kai tsaye ake kwarara shi cikin teku ta tashar jiragen ruwa ta Hyakken. Zaiba ba ta ruɓewa. Wata ta shiga jikin kifin da masunta da iyalansu ke ci safe da yamma, wata ta nitse ta taru a lakar ƙasan ruwa.

Kuliyoyin garin ne suka fara nuna alama, suna tangaɗi suna faɗawa teku. Ranar 1 ga Mayun 1956 asibitin kamfanin ya kai wa hukumar lafiya rahoton wata baƙuwar cuta: hannu da ƙafa su mutu, harshe ya yi nauyi, gani ya ƙuntata. Daga baya har jarirai aka riƙa haifa da ita.

A 1959 masu bincike na Jami'ar Kumamoto suka ɗora laifin a kan zaiba. Lakar da aka ɗebo a bakin magudanar kamfanin tana ɗauke da kilo 2 na zaiba a kowane tan. A shekarar ce kuma likitan kamfanin, Hajime Hosokawa, ya ba wata kyanwa ruwan dattin, ta kamu da cutar, kamfanin ya danne sakamakon. Abin takaici, sai a Satumban 1968 gwamnati ta amince a hukumance cewa ruwan dattin kamfanin ne ya jawo cutar, bayan an riga an daina sarrafa sinadarin.

Rufe famfo bai wanke lakar ba. A 1974 aka kewaye mashigin tekun Minamata da raga don tsare gurɓatattun kifaye, ba a cire ta ba sai 1997. Tsakanin 1977 da 1990 aka yashe ko aka rufe laka kusan kubik mita miliyan 1.5, aka killace ta da katangar ƙarfe, aka cike hekta 58 a kanta. Wurin shaƙatawa ne a yau, amma zaibar tana nan a ƙarƙashi, kuma dole a ci gaba da sa ido kan katangar.

Yarjejeniyar Minamata ta ƙasashen duniya kan taƙaita amfani da zaiba, da aka sa wa hannu a 2013, ta fara aiki a 2017, ta shafi har ƙananan masu haƙar zinare, irin waɗanda ke ƙona zaiba a dazukan Zamfara don tace zinare.