Jadawalin Mako na Ɗalibin Jami'a: Tambayoyi da Amsoshi

Na karɓi jadawalina na ga rabin makon babu lacca. Hutu ne aka ba ni?

Ba hutu ba ne, aiki ne da ba a rubuta a takardar ba. Jami'o'i da yawa suna auna kwas da kiredit, kuma kiredit ɗaya yana nufin kusan awa ɗaya a aji kowane mako, tsawon zangon karatu mai mako 15 ko makamancin haka. Ɗalibin da ya yi rajistar kiredit 15 zai zauna a aji awa 15 ke nan a mako. Wanda ya saba da sakandare, inda ake shiga aji tun safe har a tashi, sai ya ga kamar an sake shi.

Amma ƙa'idar da ake bi a Amurka ita ce kowace awa ɗaya ta aji tana jan awa biyu na karatu a waje. Awa 15 sun koma 45, sun ma zarce awa 40 na ma'aikacin ofis. A Turai, tsarin auna kiredit da ake kira ECTS ya fito da lissafin fili: kiredit 60 a shekara, kowane ɗaya yana cin awa 25 zuwa 30, har da bita da aikin gida da shirin jarabawa. Don haka guraben nan da ka gani suna da masu su, sai dai babu mai kiran suna a cikinsu.

Me ya sa ɗakin gwaje-gwaje ke cin awa uku amma kiredit ɗaya ake ba shi?

Saboda ana ɗauka yawancin aikin a nan cikin ɗakin ake gama shi. A aikace kuwa rahoton gwajin yana biyo ka gida, kuma yakan ci yammaci guda. Ka ware masa wuri a makonka.

In an ba ni zaɓi, in tara laccoci a kwana uku in sami sauran ranaku, ko in baza su?

Tarawar tana da daɗin gani a takarda. Ka duba irin ranar da take haifarwa: lissafi daga ƙarfe 8 zuwa 10, kimiyyar sinadarai daga 10 zuwa 12, ɗakin gwaje-gwaje daga 2 zuwa 5. Buɗe littafin rubutun ɗalibin da ya yi irin wannan rana. Shafukan safe tsaf suke, da kanun magana da ja-layi. Na bayan azahar kuwa rabin jimla ne, da kibiya mai nuna wani abin da shi kansa bai ƙara tuna ko mene ne ba. Ranakun da ya ce na karatu ne kuma, ta farko takan tafi a ramuwar barci.

Tun a 1885 masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan an koyi abu, kuma bitar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka dunƙule a zama ɗaya. Ni dai zan baza, in dai babu wani aiki ko nisan hanya da ya tilasta tarawar. Gurbin awa biyu tsakanin lacca da lacca ya fi na awa ɗaya amfani. Awa ɗaya takan ƙare a tafiya da hira a bakin aji.

Wani kwas ya burge ni tun makon farko, wani kuma ya gundure ni. In yi aiki da wannan?

Ka ji shi, amma kada ka yanke hukunci da shi. Abin da ɗalibi ke kira son kwas a makon farko, sau da yawa son malamin ne: muryarsa, barkwancinsa, yadda yake zagaya aji ba ya duba takarda.

A 1973 wasu masu bincike a Amurka suka wallafa wani gwaji. Sun ɗauko ɗan wasan kwaikwayo, suka gabatar da shi da sunan Dakta Myron L. Fox, ya yi wa taron ƙwararru lacca wadda aka cika da gangan da maganganu marasa kan gado da masu karo da juna. Ya yi ta cikin fara'a da ƙwarin gwiwa, masu sauraro kuwa suka yaba masa a takardar jin ra'ayi. Ƙwararru ke nan fa, balle ɗan aji ɗaya.

Gwaji na biyu ya fi kusa da zamaninmu. A 2019 Louis Deslauriers da abokan aikinsa suka gwada ɗaliban fiziks a Jami'ar Harvard. Wani lokaci a yi musu lacca mai santsi su zauna su saurara, wani lokaci a sa su warware matsaloli da kansu a cikin aji. Da aka tambaye su, sai suka ce sun fi ƙaruwa a laccar. Da aka yi musu gwaji, sakamakonsu ya fi kyau bayan ajin da suka sha wuya. Wato ajin da ka fito kana jin kanka ya ɗau zafi, wataƙila shi ne ya bar maka abu.

Wannan ba ya nufin duk malamin da ke gundurarwa gwani ne. Akwai wanda karanto allon majigi kawai yake yi har lokaci ya cika, kuma ɗalibai ba su yi ƙarya ba in suka koka.

To da me zan auna kwas?

Da takardar tsarin kwas da ake rabawa a farkon zango, wadda yawanci ake ninkewa a manta da ita a jaka. Dubi yadda aka raba maki tsakanin tes, aikin gida da babbar jarabawa. Kwashe ranakun duka ka zuba su a kalanda ɗaya. Nan za ka gano makon da tes uku suka haɗu, tun da sauran lokaci. Sannan bayan lacca ta uku ko ta huɗu, rufe littafi ka gwada bayyana darasin da bakinka, ko ka warware tambaya ɗaya ba tare da leƙen misali ba. Wannan ya fi “ina ganewa” gaskiya. Jami'o'i da yawa suna ba da 'yan makonni na ƙara kwas ko ajiye shi, don haka ka san ranar rufewa. Kafin ka ajiye, tambaya ko shi ne sharaɗin shiga wani kwas na gaba, don wani sau ɗaya ake koyar da shi a shekara.

Kwas biyu sun yi karo a lokaci ɗaya. Yaya zan yi?

Ka kai maganar sashenku a makon farko, ga malamin da ke kula da ajinku. Dabarar shiga wannan yau, wancan gobe, takan watse ranar da duka biyun suka sa tes.

Wane kwas ne ya fi cancantar lokacina?

Ɗalibi yakan karkata ga wanda yake jin daɗinsa, amma matsakaicin maki, wato GPA, nauyin kiredit yake bi. A ma'aunin da A ke da maki 4, C kuma 2, ɗauki kwas biyu, ɗaya mai kiredit 1, ɗaya mai kiredit 4. In ka ci A a ƙaramin, C a babban, a ninka makin kowane kwas da kiredit ɗinsa, jimlarka 12 ce, a raba da jimlar kiredit 5, ka tashi da 2.4. In aka juya, A a babban, C a ƙaramin, jimlar ta zama 18, ka tashi da 3.6. Saboda haka idan ka zo cike guraben makonka, fara ba mai kiredit 4 ɗin sa'o'in da kanka ya fi aiki, ko da shi ne wanda ba ka marmarin buɗewa.