Kabeji da Dankali a Duhu: Yadda Ma'ajiyar Hunturu Ta Shiga Zane da Waƙa

Wace irin ma'ajiya ce wannan?

A ƙasashen da ƙanƙara ke rufe gona wata da watanni, kafin zuwan firji, mutane kan haƙa ɗaki a jikin tudu ko ƙarƙashin gida, su jera duwatsu, su lulluɓe da ƙasa da ciyawa. Ciki akwai sanyi da laima, amma bai kai ya daskarar da abinci ba. Rumbunmu gudun laima yake yi, don hatsi sai a bushe. Wannan kuwa laimar yake nema, kada dankalin turawa da karas su yanƙwane kafin bazara. A ƙauyen Elliston da ke Newfoundland a Kanada akwai irinsu fiye da 130, har ƙauyen ya ayyana kansa babban birnin irin wannan ma'ajiya a shekarar 2000.

To me ya kai mai zane wurin?

Haske da duhu. Wajen 1602, Juan Sánchez Cotán na birnin Toledo a Sifen ya zana wata kafa a bango, irin wadda ake sanya kayan abinci su yi sanyi. Ya rataye kabeji da wani ɗan itace mai kama da tuffa da zare, kamar yadda ake yi don kada su ruɓe, a ƙasa ga guna da kokwamba, baya kuma baƙi ƙirin. Babu mutum, babu ado. Zanen yana gidan kayan tarihi na San Diego a Amurka. Ni dai duk lokacin da na dube shi sai in ga mutumin ya ba kabeji girman da wasu ke ba sarakuna, kuma bai yi kuskure ba: abin da zai raba iyali da yunwa har ƙarshen hunturu ya cancanci a tsaya a kalle shi.

Vincent van Gogh ma ya zana kwandunan dankali a Nuenen ta ƙasar Holan a 1885, da launin ƙasar da aka tono su.

Marubuta fa?

Marubucin waƙoƙi Theodore Roethke, ɗan mai sana'ar furanni a Saginaw ta jihar Michigan a Amurka, ya saka gajeriyar waƙa kan irin wannan ɗaki a littafinsa na 1948. Bai ɓoye wari da takin da ke ciki ba. Abin da ya kama zuciyarsa shi ne saiwoyi da tsirai da ke ɓallewa daga akwatuna, suna laluben 'yar kafa a cikin duhu.